HAWAN DUTSEN KILIMANJARO: SANNU BA TA HANA ZUWA

A wannan mako za mu juya akalar filin namu zuwa ga wata irin tafiya wadda kakanninmu fatake ba su san ta ba, watau tafiyar hawan babban dutse don ganin ƙololuwarsa kawai. Dutsen da aka fi nufa da wannan niyya a nahiyarmu shi ne Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya. Dubun-dubatar mutane kan je masa kowace shekara, da yawa daga cikinsu kuwa ba su taɓa hawan wani babban dutse ba kafin nan. Abin da ke ba su ƙarfin guiwa shi ne, ta hanyoyin da aka saba bi ba a bukatar igiya ko wata gwaninta ta musamman, da ƙafa ake takawa tun daga gindi har bisa. To, wannan sauƙin shi ne yake yaudarar mutane.

Mutum biyu ne muka fi ji wa tsoro a wannan tafiya, su ne kuwa masu karanta wannan fili. Na farko ɗan kasuwa, wanda kowace rana da ya yi nesa da shago yana lissafa ta cikin hasara. Na biyu ma'aikacin gwamnati, wanda aka ƙidaya masa kwanakin hutunsa. Dukansu biyu idan aka shimfiɗa musu tsarin tafiya na kwana biyar da na kwana takwas, zuciyarsu za ta karkata ga na kwana biyar, domin ya fi araha, ya kuma fi saurin mayar da su bakin aiki. Nufinmu a yau mu nuna dalilin da ya sa wannan lissafi, wanda yake daidai a kasuwa da ofis, yake zama kuskure mai iya cin rai a kan dutse.

DUTSEN DA KANSA

Kilimanjaro yana arewa maso gabashin Tanzaniya, dab da iyakar Kenya. Tsawonsa mita 5,895 ne bisa doron teku, watau ƙafa 19,341, babu wanda ya kai shi a Afirka duka. Asalinsa dutse ne mai aman wuta, yana da kawuna uku: Kibo wanda ya fi tsawo, da Mawenzi, da Shira. A gindinsa garin Moshi yake, kewayensa kuwa gonakin ayaba ne da gahawa na mutanen Chagga. Ayarin fataken Swahili masu tasowa daga bakin teku sun daɗe da sanin dutsen tun kafin Turawa su ji labarinsa. Wani madugu ma daga cikinsu, Bwana Kheri, shi ne ya yi wa Bajamushen nan ɗan mishan Johannes Rebmann ja-gora a 1848. Da Rebmann ya aika gida cewa ya ga dusar ƙanƙara a kan dutse a tsakiyar ƙasar zafi, sai waɗansu masana a Landan suka ƙaryata shi. Ƙanƙarar tana nan har yanzu, sai dai fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da aka auna a 1912 ya narke.

A ranar 9 ga Disamba, 1961, ranar da Tanganyika ta sami mulkin kai, wani hafsan soja mai suna Alexander Nyirenda ya kai tutar sabuwar ƙasar da fitilar 'yanci kan dutsen. Ƙololuwar da dā take ɗauke da sunan Sarkin Jamus aka sake mata suna Uhuru, watau 'yanci da harshen Swahili. A 1973 aka mai da dutsen gandun gwamnati, a 1987 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. Doka ta hana kowa hawansa sai tare da ja-gora mai lasisi.

Domin mai karatu ya gane abin da mita 5,895 take nufi, bari mu gwada ta da abin da ya sani. Birnin Kano bai kai mita 500 bisa doron teku ba. Jos, wadda muke kira garin sanyi, tana wajen mita 1,200. Dutsen Jabalun Nur na Makka, wanda alhazai kan hau su sauko suna haki, wajen mita 640 ne. Wurin da ya fi ko'ina tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419. Likitoci kuwa sun ce ciwon da tsawo ke haddasawa yakan fara bayyana ne daga wajen mita 2,500. Ashe ke nan duk faɗin Nijeriya babu inda mutum zai tsaya ya gwada jikinsa da wannan ciwo. Wanda ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi bai san yadda jikinsa zai karɓi abin ba sai ya je.

ABIN DA TSAWO KE YI WA JIKI

Iskar da muke shaƙa tana da nauyi, ta sama tana danne ta ƙasa. Gwargwadon hawan mutum, gwargwadon raguwar wannan danniya, sai iskar ta yi shara-shara. A ƙololuwar Kilimanjaro, numfashi guda yana shigar da kimanin rabin oksijin ɗin da yake shigarwa a bakin teku. Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da dabarar sabawa da haka: numfashi ya ƙara sauri da zurfi, zuciya ta ƙara bugawa, ƙoda ta gyara ma'aunin jini, daga baya kuma jajayen ƙwayoyin jini su ƙaru. Amma fa wannan aiki kwanaki yake ci. Ba a sayensa da kuɗi, ba a kuma umurtarsa ya yi sauri.

Idan hawa ya riga sabawa, alamar farko ita ce ciwon kai. Sa'an nan tashin zuciya, da ƙin abinci, da jiri, da kasala, da rashin barci. Wannan shi ne ƙaramin mataki, mutane da yawa kan ɗanɗana shi, yakan kuma lafa idan aka dakata a zango ɗaya ba a ƙara hawa ba. Babban haɗari yana ga wanda ya ɓoye abin da yake ji ya ci gaba. Nan ne ruwa kan taru a huhu, mutum ya riƙa haki ko yana zaune, yana tari, wani lokaci da kumfa mai ɗan ja. Ko kuwa ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum ya riƙa tangaɗi kamar mashayi, maganarsa ta rikice, ya kasa taka layi miƙaƙƙe. Waɗannan biyu suna iya kashe mutum cikin yini ɗaya ko biyu. Babban maganinsu shi ne a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Sau da yawa saukar mita 500 zuwa 1,000 kan dawo da mutum hayyacinsa.

Kada wani ya ce shi ƙaƙƙarfa ne, yana motsa jiki kullum. Martina Navratilova, wadda ta ci gasar tanis ta Wimbledon sau tara, ta hau wannan dutse a Disamba, 2010. Ba ta kai ƙololuwa ba ruwa ya taru a huhunta, aka sauko da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, aka kwantar da ita a asibiti a Nairobi. Ƙarfi ma yakan zama fitina, domin mai ƙarfi ne ke iya yin saurin da zai cuce shi. Shi ya sa kalmar da mai hawa zai fi ji daga bakin ja-gorori ita ce "pole pole", watau sannu-sannu. Za su sa shi tafiyar hawainiya tun ranar farko, alhali yana jin zai iya gudu. Ya bi su, sun fi shi sanin abin da ke gaba.

LISSAFIN KWANAKI

Ƙa'idar da likitocin hawan dutse suka shimfiɗa ita ce, idan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma riƙa sa ranar hutu bayan kowane kwana uku ko huɗu. To, mu ɗora wannan ma'auni a kan hanyar Marangu ta kwana biyar, wadda ita kaɗai ke da ɗakunan kwana, aka kuma fi tallata ta ga baƙi. Ana shiga ta ƙofar da ke wajen mita 1,860. Daren farko a kwana a Mandara, wajen mita 2,700. Na biyu a Horombo, wajen mita 3,700. Na uku a zangon Kibo, wajen mita 4,700, da tsakar wannan daren kuma a tashi a nufi ƙololuwa. Kowane dare an ƙara kusan mita 1,000 ke nan, ninki biyu na abin da aka yi wasiyya da shi. Wanda ya zaɓi wannan hanya lalle ya ƙara kwana guda a Horombo.

Hanyar Machame ta kwana bakwai da ta Lemosho ta kwana takwas a tanti ake kwana, sun fi wahalar taku, amma sun fi tausaya wa jiki. A kansu akwai ranar da ake hawa har wani tsauni da ake kira Lava Tower, wajen mita 4,600, a ci abinci a can, sa'an nan a gangara a kwana a kwarin Barranco ƙasa da mita 4,000. Hikimar ita ce a ɗanɗana wa jiki tsawo da rana, a bar shi ya huta a ƙasa da dare. Ta haka mutum zai yi dare biyu ko uku a kusan mataki ɗaya kafin ya isa Barafu, zangon ƙarshe.

Ɗan kasuwa ya yi lissafin da ya saba. Ya riga ya biya kuɗin jirgi, da na biza, da na kayan sanyi, da na masauki. Wannan shi ne uwar kuɗi. Idan ya yi rowar kuɗin kwana biyu, ciwo ya juyo da shi daga rabin hanya, ya yi tsimin ƙaramin abu ya zubar da babba. Ma'aikacin da hutunsa bai isa ba kuwa, gara ya jinkirta zuwa baɗi. Game da lokacin tafiya, manyan ruwan sama kan sauka daga Maris zuwa Mayu, ƙananan kuma wajen Nuwamba. Saboda haka aka fi hawa a Janairu da Fabrairu, da kuma daga Yuni zuwa Oktoba.

KAFIN A BAR GIDA

Abu na farko shi ne ganin likita, musamman ga mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon sukari, ko asma. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu fiye da Turawan da suka rubuta yawancin littattafan hawan dutse, watau sikila. Ƙarancin oksijin shi ne ke lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai wannan cuta, don haka wannan tafiya ba tasa ba ce sam. Har ila yau, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana da nau'in jinin AS, yana zaune lafiya lau, wani ma bai san yana da shi ba. Irin wannan mutum a wuri mai tsawo jini kan iya toshewa a saifarsa, ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari. Kowa ya gwada jininsa, ya gaya wa likita tsawon da yake nufin hawa, kafin ya biya ko sisin kwabo. A wajen likitan ne kuma zai tambayi maganin nan Diamox, wanda ke taimaka wa jiki saurin sabawa. Yana sa yawan fitsari da jin tsira-tsira a yatsu, ba ya kuma maye gurbin hawa a hankali. Kada a manta da katin rigakafin shawara, da maganin zazzaɓin sauro saboda kwanakin da za a yi a gindin dutse.

Na biyu shi ne horar da ƙafa. Wanda ya saba daga gida sai mota, daga mota sai kujerar ofis, ya ɗauki wata biyu ko uku yana doguwar tafiya da jaka a baya, yana hawan tudu ko matakalar bene, cikin takalmin da zai hau dutsen da shi. Sabon takalmi a kan dutse bororo yake haifarwa. Na uku shi ne kayan sanyi. Zafi kan ragu da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000. Mai hawa zai fara da kurmi mai danshi inda zai yi gumi, ya ratsa fili mai gajerun itatuwa, ya shiga hamadar duwatsu wadda ba ta da inuwa, ya ƙare a inda sanyin dare kan kai digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifiri. Hunturun da muka sani bai kama ƙafar wannan ba. Riguna da yawa masu hawa kan juna sun fi babbar riga ɗaya amfani, ga safar hannu, ga hular da ke rufe kunne, ga baƙin tabarau saboda ƙarfin rana.

IBADA A KAN DUTSE

Musulmi zai tambaya, yaya salla? Abin da zai fara ba shi mamaki shi ne alƙibla. Mu a nan mun saba fuskantar gabas, har kalmar ta zame mana sunan alƙibla. A Kilimanjaro kuwa Makka tana arewa ne, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Mai hawa matafiyi ne, kullum yana sauya zango, saboda haka rangwamen kasaru da na haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha, yana gabansa. Ya zauna da malaminsa ya gyara hukunce-hukuncen kafin ya tashi. A manyan zanguna ruwa ɗauko shi ake yi a ka daga nesa, da dare kuma yakan daskare. Wanda ya ji tsoron cutuwa da ruwan sanyi, ko ya rasa ruwan, shari'a ta ba shi taimama, duwatsu da ƙasa kuwa ga su nan ko'ina. Wanda jiri ya hana shi tsayuwa ya yi sallarsa a zaune. Watan Ramalana kuwa mun ga ya fi kyau a kauce masa, domin mai hawa yana bukatar shan ruwa lita uku zuwa huɗu a yini. Tafiyar nishaɗi ce, ana iya ɗage ta, babu dalilin haɗa ta da watan azumi.

DAREN ƘOLOLUWA

Akan tashi daga zangon ƙarshe wajen sha biyun dare, kowa da tocila ɗaure a goshi. Abin da ya rage wajen mita 1,200 ne, amma yakan ci awa shida zuwa takwas, a kan tsakuwa mai zamewa, ana taku ɗaya ana numfashi. Alfijir zai keto ana kan gangare, don haka tun da yamma a sanar da ja-gora cewa za a tsaya sallar Asuba, ya zaɓi wurin da iska ba ta bugawa, a taƙaita, kada jiki ya sandare. Wajen fitowar rana ake isa bakin ramin da ke kan Kibo, ko ta Stella Point ko ta Gilman's Point. A nan ne karin maganarmu ke tabbata, hangen Dala ba shiga birni ba ne, domin daga Stella akwai sauran tafiyar kusan awa guda zuwa Uhuru, daga Gilman's kuwa fiye da haka. A ƙololuwa ba a daɗewa, 'yan mintoci ne a juyo. Saukowa ita ma aiki ce, a ranar za a gangara har wajen mita 3,000 ko 3,700 bisa ga hanyar da aka bi, jimlar tafiyar yinin takan kai awa 12 zuwa 15. Mai hankali ba ya ƙarar da ƙarfinsa duka a hawa.

HAƘƘIN 'YAN DAKO

Babu baƙon da ke hawan wannan dutse da ƙarfin kansa kaɗai. Bayan kowane mutum guda akwai 'yan dako da yawa masu ɗauke da tanti, da abinci, da ruwa, da tukwane. Sukan tashi bayansa su naɗe zango, su wuce shi a hanya, ya iske sun kafa wani. Hukumar gandun ta ƙayyade kayan ɗan dako kada ya wuce kilo 20, ana kuma aunawa a ƙofa. Duk da haka, idan ka ga kamfani ya karya farashi ƙwarai, galibi a jikin waɗannan bayin Allah ake fanshewa, ta hanyar rage musu lada, ko abinci, ko barinsu cikin sanyi da yagaggun takalma. Akwai ƙungiya mai suna KPAP a Moshi wadda ke sa ido a kan yadda kamfanoni ke riƙe su. Mai tafiya ya tambayi kamfani nawa yake biyansu, sau nawa suke cin abinci a yini, a ina suke kwana. Kyautar da aka saba bayarwa a ƙarshen tafiya kuma ya bayar da ita a bainar jama'a, kowa ya ji rabonsa. Addininmu ya tsananta a kan haƙƙin ɗan ƙodago, ba kuwa zai yi kyau mutum ya dawo da hoton ƙololuwa da haƙƙin wani a wuyansa ba.

JUYOWA BA ABIN KUNYA BA NE

Abu mafi wuya ga babban mutum shi ne wannan. Alhaji wanda yara ke rusuna masa a kasuwa, ko babban sakatare wanda ba a mayar masa da magana a ofis, zai iske kansa a gaban wani saurayi ɗan Chagga, sa'ar ɗansa, yana ce masa, "Baba, nan za mu juya." Ga kuɗin da aka kashe, ga abokan da aka yi wa alkawarin hoto. A nan girman kai ke kashe mutane, musamman da yake kumburin ƙwaƙwalwa hankali yake fara taɓawa, mai shi ya riƙa rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Saboda haka tun a gindin dutse, lokacin da hankali ke daidai, mutum ya ɗaura niyya cewa maganar ja-gora ita ce ta ƙarshe, ya kuma faɗi gaskiyar abin da yake ji duk lokacin da aka tambaye shi. Rai amana ce, iyalin da aka bari a gida suna da haƙƙi a kansa.

Hans Meyer, Bajamushen da tarihi ya rubuta shi ne ya fara isa ƙololuwar tare da Ludwig Purtscheller ɗan Ostiriya, bai same ta a tashi ɗaya ba. A 1887 ya hau ya yi nisa, ƙanƙara ta tare shi, ya juyo. A 1888 bai ma isa dutsen ba, tawayen Abushiri a bakin teku ya rutsa da shi, aka kama shi sai da aka fanshe shi. A karo na uku ya sauya dabara, ya kafa zanguna mataki-mataki ana kai musu guzuri, har ya isa a ranar 6 ga Oktoba, 1889. Da ya nace a karon farko, da wataƙila wani ne zai ba da labarinsa. Wanda ya juyo da ransa yana iya komawa wata shekara, ya ƙara kwana, ya sauya hanya.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su ga iyalansu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.